Furotokol Ya Gina wa Kifi Masauki

A Angwan Lambu, in ka tambayi gidan Malam Shamsuddeen sai a tsaya ana kallonka, amma in ka ce gidan Furotokol, ko mai gasa masara a bakin titi za ta nuna maka ba tare da ta ɗago kai ba. Sunan daga aikinsa ya samo shi. Shekara da shekaru yana wata ma'aikata a Abuja, kuma duk tsawon zamansa abu ɗaya yake yi, wato faɗin wanda zai zauna a ina. In za a yi taro, shi ke zaga babban tebur yana auna tazarar kujeru da tafin hannu, ya sa mai hannu a tsakiya, marasa hannu a gefe, ya tabbatar ruwan gorar da ke gaban darakta ya fi na mataimakinsa sanyi. Shi kansa bai taɓa zama a teburin ba. Amma ba wanda ya zauna a kai ba da yardarsa ba, wannan kuwa ya ishe shi jin daɗi.

Haifaffen Keffi ne, ɗan wani mai sayar da yadi a kasuwa, kuma bai taɓa yarda ya tare a Abuja ba. Yakan ce can garin aiki ne, ba garin zama ba. Saboda haka kullum yana kan hanya, cunkoson Mararaba ya cinye masa ƙuruciya, furfurarsa ma a tsakanin Masaka da Nyanya ta fito. Abin da ke mayar masa da ransa shi ne Asabar da Lahadi, domin a ranakun nan falonsa ba masaka tsinke. Wannan yana neman katin gayyata, wancan yana so in an zo kiran sunansa a lasifika a haɗa da Dokta, wani kuma ɗansa yake so a gabatar wa manya. Falon ma an jera shi sahu-sahu, da kujerun gaba da na baya, kuma kowa ya san matsayinsa tun daga bakin ƙofa. Matarsa Zubaidatu ta dafa shayi a gidan nan har butoci suka gaji.

Ranar walimar ritayarsa, wanda ya gaje shi ne ya tsara zama, ya kuma ajiye shi a ƙarshen tebur, jikin lasifika. Malam Shamsuddeen ya haɗiye abin da ƙyar. Abin da ya sanyaya masa zuciya shi ne daraktansa, Alhaji Sale, wanda ya riƙe masa hannu a gaban kowa ya ce zai zo gaishe shi har gida, tunda shi mutumin Garaku ne, Keffi kuwa hanyarsa ce duk ƙarshen mako. Malam Shamsuddeen ya dawo gida ya sa aka sake wa kujera mai hannu yadi.

Daga nan falon ya fara ramewa. Masu neman kati suka gano gidan wanda ya gaje shi, masu neman Dokta suka bi su. Alhaji Sale kuwa yana wucewa ta Keffi kamar yadda ya faɗa, sai dai motarsa ba ta san kwanar Angwan Lambu ba. Malam Shamsuddeen yakan yi wanka, ya sa babbar riga, ya fesa turare, ya zauna yana fuskantar ƙofa, in iska ta motsa labule ya gyara hula. Kaɗaici ne ya kama shi, irin wanda ke hana abinci ɗanɗano, kuma abin da yake so a duniya bai wuce ɗaya ba: a sake cika masa falo, Alhaji Sale yana tsakiya.

Wata rana a kan hanyar Akwanga ya ga mutane sun yi cincirindo a ƙofar wani shago. Ya ɗauka faɗa ake yi, ashe wani mai suna Victor ne ya buɗe wurin sayar da kifin ado, ya ajiye tankin gilashi a bakin ƙofa. 'Yan acaba sun kashe mashin, mata da kaya a ka sun tsaya, ba mai saye, kowa kallo yake yi. Malam Shamsuddeen bai kalli kifin ba, mutanen ya kalla. Kafin mako ya zagayo an kawar da talabijin daga falonsa, tanki ya hau wurin, da ɗan injin iska da aka haɗa wa sola don kada ɗauke wuta ta yi ɓarna.

Kifayen masu kyau ne, wasu shuɗaye masu ratsin baƙi, wasu rawaya kamar ƙwaiduwa. Victor ya ce sunansu sikilid, asalinsu daga wani tafki ne mai nisa, amma dangin karfasa ne. Zubaidatu ta leƙa ta ce ai kuwa ga kamar nan, bakin ma iri ɗaya da wadda take soyawa. Malam Shamsuddeen ya roƙe ta, don girman Allah, kada ta sake ambaton karfasa a gaban baƙi. Sannan ya shiga abin da ya iya. Babban shuɗin ya zama Darakta, mai bi masa Mataimaki, wata rawaya mai sanyin hali ta zama Sakatariya, wani ɗan ƙaramin rawaya da kowa ke kora kuma aka ba shi Masinja.

Bai yi kuskure ba a rabon muƙaman, domin Darakta ya kama aiki nan take. Ya kori Mataimaki daga tsakiyar tanki, Mataimaki ya huce a kan na ƙasa da shi, kowa kuma ya huce a kan Masinja, har wutsiyarsa ta yage ya koma saman kusurwa yana rawar jiki. Malam Shamsuddeen ya ga abin ya yi daidai da yadda ya san duniya, sai dai Victor ya ce in aka bar su haka gawa za a kwasa.

"Oga, wannan kifi ba ya son ido," in ji shi. "Kowa sai ya samu ɗaki nasa da zai shiga ya ɓuya. In babu, babba zai bi ƙarami har ya mutu."

Masauki ke nan, kuma wa ya fi Furotokol sanin masauki? Ya buɗe kabad ɗin da ya tara kayan tarurruka. Ya zabo kofunan tangaran masu hoton manya, da wata giwar roba mai ruwan gwal, da kofin ƙarfe da wata ƙungiya ta ba shi na gwarzon ma'aikaci, ya wanke su tas da omo, ya jera a cikin ruwa bisa tsari: kofin gwarzo a tsakiya don Darakta, sauran dama da hagu. Ba a daɗe ba gwal ɗin giwa ya fara saɓulewa yana yawo, kofin gwarzo ya fitar da tsatsa, Masinja kuma, garin gudun Mataimaki, ya cusa kai a mariƙin wani kofi ya maƙale. Zubaidatu ta zo da niyyar shafa masa man shanu ya zame, sai Victor ya riga ta, ya fasa mariƙin da filaya.

Ranar nan Victor ya yi magana mai tsawo, yana kwashe kaya yana canja ruwa. Ya ce duk abin da aka shafa wa fenti guba ne a hankali, ƙarfe kuma ba ya shiri da ruwan kifi, omo da sabulu kuwa ko ƙamshinsu kada ya kusanci tankin. Ya ce rami in zai kasance to ya zama wanda babban kifi zai shiga ya juya, in ba haka ba a toshe shi, kuma baki mai kaifi yanka yake yi. Abin da ya fi sauƙi, in ji shi, shi ne tukunyar ƙasa tsurarta, wadda ba a shafa mata komai ba, a tafasa ta, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan. Malam Shamsuddeen ya saurara yana gyaɗa kai irin na wanda ya saba jin jawabi, wato ya ɗauki kan maganar ya bar jikinta.

Ya je kasuwa wurin Dokas, wata maginiya da ke kawo tukwane daga Agwada, ya zaɓi ƙanana da matsakaita da babba ɗaya. Da ya jera su a tsakar gida sai ransa ya ɓaci. Jajaye ne fayau, irin waɗanda ake jiƙa kanwa a ciki. A ce Alhaji Sale ya shigo ya ga wannan? Ga shi kuwa ya ji labari cewa ranar Asabar Alhajin zai zo ɗaurin aure a Tudun Kofa, har ya aika masa saƙo ta waya cewa akwai abin kallo a gida. An hana fenti, to, ya ji. Amma ba wanda ya hana makuba.

Makuba dai ɓawon ɗorawa ne, wanda ake jiƙawa a yayyafa wa daɓe ko tukunya su yi duhu da sheƙi da ƙwari. Malam Shamsuddeen ya yi ta yaba wa kansa da wannan dabara. Abu ne na gargajiya, daga itace ya fito, ba sinadarin kanti ba ne, kakanni ma da shi suka yi ado. Ya sayo buhu guda, ya daka, ya jiƙa ta yi kauri, ya shafe tukwanen ciki da waje, ya shanya, ya sake shafawa. Suka fito baƙi-baƙi suna ƙyalli, sai ka ce kujerun ofishin minista. Tafasawa da jiƙawa kuwa ya ga za su wanke masa kwalliya, kuma lokaci ya ƙure. Ranar Juma'a da yamma ya jera su a tanki, babbar a tsakiya.

Da safe ya fito da babbar rigarsa a kafaɗa ya tarar ruwan ya koma kalar shayi. Kifayen duk sun taso sama suna haki, wasu sun kwanta a gefe, Darakta ya juya ciki sama. Ya matsa kusa, sai warin ya bugi hancinsa, kuma warin nan ya san shi. Yana yaro, in rani ya yi ruwan kogin Antau ya tsinke ya zama ƙananan kududdufai, shi da abokansa sukan daka makuba su zuba a ciki su dama da ƙafa, su koma gefe su jira. Ba a jimawa karfasa ke tasowa tana haki, ciki sama, su kwashe da hannu. Shi ne ma gwanin dakan. Shekarun da ya yi a cikin sanyin ofis ne suka shafe masa wannan, ya tuna makuba a matsayin ado ya manta ta a matsayin abin kamun kifi. Ya zauna a ƙasa daɓas.

Zubaidatu ce ta yi abin da ya kamata. Ta jawo baho, ta juye ruwan rijiya da ya kwana a randa, ta ɗauko rariya ta riƙa kwaso masu sauran motsi. Masinja ya farfaɗo, Sakatariya ta farfaɗo, da wasu 'yan ƙanana. Darakta da Mataimaki kuwa sun riga sun tafi. Ta dubi girmansu ta buɗe baki, ta dubi fuskar mijinta ta rufe. Ya haƙa musu rami a gindin mangwaro ya binne su, Darakta a dama. Alhaji Sale ya zo ɗaurin auren, ya ci shinkafa, ya wuce Garaku, saƙon ma bai buɗe ba.

Abin mamaki, Malam Shamsuddeen bai mayar da tankin ba. Kunya ce ta hana shi da farko, daga baya kuma tausayi, domin bai taɓa kashe abin da ya dogara da shi ba sai wannan karon. Ya koma wurin Dokas, ya faɗa mata gaskiya cewa ɗakin kifi yake so, ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta gina masa sababbi, kowace da ƙofa biyu kamar yadda Victor ya ce, don wanda aka biyo ya samu ta fita. Wannan shawarar ta shige shi sosai, domin ya daɗe da sanin cewa ofishin da ba shi da ƙofar baya ba ofishin babba ba ne.

Wannan karon bai yi gaggawa ba. Ya tafasa tukwanen a ruwa zalla, ya jiƙa su a baho yana zubarwa yana sakewa har ruwan ya daina canja kala. Ya zauna a inuwar mangwaro da sanfefa yana goge bakin kowace ƙofa. Ya karɓi wani tsohon gyalen Zubaidatu mai santsi yana zura shi ta ramin yana ja, in zare ya kama, to da sauran kaifi, sai ya koma guga. Mutumin da bai taɓa wanke kofin shayinsa ba, ga shi da zani a ƙugu, hannu duk jar ƙasa. Maƙwabta suka fara tambayar Zubaidatu ko lafiya.

Da aka jera tukwanen, Masinja ya zaga su sau ɗaya ya shige babbar, ta tsakiya, wadda aka tanada don sabon Daraktan da za a sayo. Malam Shamsuddeen ya sa ludayi ya kore shi zuwa ƙaramar da ke gefe, ya dawo. Ya sake kora, ya sake dawowa, har ya fara kwashe yashi da baki yana tofarwa a ƙofar gida. Cikin ɗan lokaci wutsiyarsa ta warke, kalarsa ta ƙara rawaya da haske, ya fara korar wasu. Malam Shamsuddeen ya ajiye ludayi ya ce ba yau ya fara ganin an yi wa mutum ƙarin girma ba jarrabawa ba.

Sai ya ga lokacin buɗe taro ya yi. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tattaro mutanen unguwa, falon ya cika karon farko tun ritayarsa, Zubaidatu ta ɗora buta. Aka yi caa a gaban gilashi, wannan na ƙwanƙwasawa da zobe, wancan na haska fitilar waya, kowa na magana a lokaci ɗaya. Kifaye kuwa, da yake yanzu kowa na da ɗakinsa, kowa ya shige ɗakinsa. Ba abin da ake gani sai jajayen tukwane da kumfar iska. Aka jira, aka ƙara ƙwanƙwasawa. Can wani dattijo ya tambaya, da zuciya ɗaya, ko tukwanen ne ake kiwo. Dariyar da aka yi ta kai bakin titi, aka shanye shayi aka watse, kuma ba wanda ya sake dawowa.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Lissafin a fili yake: in akwai maɓoya ba abin kallo, in ba abin kallo ba baƙi. Ya naɗe hannun riga ya ciro ƙaramar tukunya ɗaya, don gwaji. Mai ɗakin, wani ɗan shuɗi, ya fito a firgice yana buga kai jikin gilashi, ya nufi wannan ƙofa a kore shi, ya nufi waccan a kore shi. Malam Shamsuddeen ya tsaya da tukunyar tana ɗiga a kan kafet. Ya san yadda ake ji in an zo taro ba a tanadar wa mutum wuri ba. Ya mayar da ita inda take.

Daga nan ya daina sa babbar riga da rana. Ya gano cewa in ya shimfiɗa tabarma a ƙasa ya zauna bai motsa ba, bai yi tari ba, sai kawuna su fara leƙowa daga ƙofofi, can kuma tankin ya cika da shuɗi da rawaya suna kai da kawo kamar ba kowa. Bai taɓa sanin yana iya yin shiru haka ba. Wata rana ya lura Sakatariya ta daina cin abinci, maƙogwaronta ya kumbura, ta lafe a wata tukunya. Hankalinsa ya tashi, ya ɗauka sauran makuba ce. Victor ya zo ya leƙa ya ce ba ciwo ba ne, ƙwai ne a bakinta, haka irinsu ke yi, za ta riƙe su ba ci har su ƙyanƙyashe, kuma ba za ta sake su ba sai ta ga wuri ya yi lafiya. Ya ce in aka firgita ta tana iya haɗiye su ko ta zubar tun ba su yi ƙwari ba. Tun daga ranar aka daina daka a gidan, Zubaidatu ta koma kai kayan miya maƙwabta.

Makonni suka wuce. Wata Asabar bayan la'asar yana kan tabarma, sai Sakatariya ta matso bakin ƙofarta, ta duba dama da hagu, ta buɗe baki. Wasu 'yan abubuwa kamar ƙwayar shinkafa mai idanu suka fito, suka taru a gabanta, suna motsi a hankali a kan jar ƙasar da ya goge da hannunsa. Ya riƙe numfashi.

A daidai lokacin aka yi hon a waje, aka ji ana rufe ƙofofin mota ba ɗaya ba. Zubaidatu ta shigo ta ƙofar ciki da sanɗa, ta durƙusa kusa da shi ta raɗa masa cewa Alhaji Sale ne, da jama'a, har da mai ɗaukar hoto. An ce takara zai tsaya, yana zagayen gaisuwa.

Ga abin da ya yi ta wanka yana fesa turare dominsa, ya zo har ƙofar gida. Ya san kuma ba a tarbar darakta a tsaye a waje, shi da kansa ya koya wa mutane haka, ko dai falo da kujera mai hannu ko kuwa babu. In ya buɗe ƙofar nan, mutum goma sha za su shigo da sallama da dariya da fitilar kyamara, wani kuma sai ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Ki ce ba na nan," ya ce, leɓensa kawai ke motsi.

"Malam, tun yaushe kake jiran mutumin nan?"

"Na sani."

"To ni dai ba zan yi ƙarya ba."

Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya ɗan yi nisa, uwar ta bi shi ta tsince shi da baki ta dawo da shi cikin 'yan'uwansa.

"To ki ce masa ina da baƙi," in ji shi. "Falo ya cika, ba wurin zama."

Ta ja mayafinta ta fita ta ƙofar ciki. Ya ji muryoyi a waje, ya gane ta Alhaji Sale a cikinsu, tana tambaya sau biyu kamar wanda bai ji daidai ba. Ya ji an rufe ƙofofi, injuna sun tashi, ƙarar ta yi ta raguwa har ta bi kwana. Ya san ba zai sake zuwa ba, kuma abin ya yi masa zafi har ƙwalla ta gangaro masa ta shiga gemu. Bai ɗaga hannu ya share ba, don kada inuwar hannun ta faɗa kan gilashi.